Aikin sa-kai a gonar da ba a sa wa sinadari lokacin hutu a Turai: ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Ɗan Kura ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a fannin noma a birnin Debrecen na ƙasar Hangari, kuma hutun da ke tafe zai kama daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba. Kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfina a bana, ga shi kuma ba na son wata biyu da ɗoriya su wuce ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai ban ƙaru da komai ba. Wani abokin karatuna ya ba ni labarin tsarin da ake kira WWOOF, inda baƙo yake sauka a gonar da ba a zuba mata takin zamani, ba a kuma yi mata feshin magungunan kanti, ya yi aikin sa'a huɗu zuwa shida a rana, mai gona ya ba shi ci da wurin kwana, kuɗi ba ya shiga tsakaninsu.

Abin da ya ja hankalina ba yawon buɗe ido kaɗai ba ne. Mahaifina yana noman shinkafa da damina, da rani kuma tumatir da alkama, a gonarmu ta Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga. Tun ina yaro nake jin yana cewa ƙasar ta gaji, kowace shekara sai ya ƙara buhun taki kafin ya sami abin da ya samu bara. Ina so in ga da idona yadda waɗanda suka bar takin buhu suke ciyar da ƙasarsu, domin abin da muke karantawa a aji daban, abin da hannu ya taɓa kuma daban. Da na faɗa wa Baba ta waya, sai ya tambaye ni wane irin ƙodago ne wannan da ba a biyan ɗan ƙodago, kuma gaskiya ban sami amsar da ta gamsar da shi ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiyar lamarin. Shin ana koyon wani abu na kirki, ko kuwa manoma ne kawai suka sami lebura a ɓagas? Takardar izinin zama ta ɗalibi da nake riƙe da ita ta ba ni damar yin haka a wata ƙasar Turai? Yaya kuma Musulmi yake yi da batun abinci da salla a gidan mutanen da bai sani ba? Allah ya saka wa kowa da alheri.

Manomin Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi irin wannan aiki na mako bakwai a kudancin Sifaniya, kuma da za a tambaye ni abin da ya fi amfana ta a zamana na Turai bayan karatun kansa, shi zan fara ambata. Amsar da za ka ba Baba kuwa tana cikin al'adarmu: abin ya fi kusa da gayya fiye da ƙodago, domin mai gayya abinci yake bayarwa ba lada ba, wanda ya zo kuma ya zo ne da son ransa. Asalin tsarin ma haka yake. Wata sakatariya a birnin Landan mai suna Sue Coppard ce ta fara shi a 1971, saboda tana marmarin ƙauye ba ta da hanyar zuwa, sai ta shirya wa kanta da wasu mutane kaɗan aikin ƙarshen mako a gonar kwalejin Emerson da ke yankin Sussex. Daga nan abin ya bazu, har ya zama ƙasashe da yawa suna da ƙungiyarsu, mutum ya biya ɗan kuɗin rajista na shekara a ƙasar da yake son zuwa, a buɗe masa jerin gonaki ya rubuta wa wadda ta yi masa.

Ni na zaɓi yankin Alpujarra, kudu da birnin Granada, kusa da garin Orgiva, kuma tun da ka ce kai ɗan Kura ne, ina ganin babu inda ya fi dacewa da kai. Ruwan samansu da sanyin hunturu yake sauka, watannin Yuli da Agusta kuwa ƙasa takan bushe ƙamas, zafi ya yi tsanani, ta yadda duk abin da ka gani kore a lokacin to da ban ruwa aka raya shi, kamar noman raninmu. Ruwan daga dusar ƙanƙarar tsaunukan Sierra Nevada yake narkowa, ya bi wasu magudanai da aka haƙa a jikin tsauni tun zamanin Musulmin Andalus, kuma har yau sunan da suke kiran magudanan da shi, wato asekiya, daga kalmar Larabci ta sakiya ya samo asali. Kowane manomi yana da ranarsa da sa'o'insa na ruwa, babu mai taɓa na wani, kafin rani ya shigo kuma sukan fito gaba ɗaya su yashe magudanar.

Rabon gonar da na sauka yakan faɗo ne da asuba sau ɗaya a mako. Mukan fita da fitila a goshi, mai gonar ya ɗage ƙarfen da ya toshe ƙofar ruwa, ni kuma in bi ruwan da fartanya ina buɗe fangali ina toshe wani da ƙasa da tsumma, daga hawa na sama zuwa na ƙasa, domin gonakin hawa-hawa suke a jikin tsauni. A ƙarƙashin kowace bishiyar zaitun da lemo da rumman akwai bambaro da busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa mai kaurin tafin hannu. Wata rana, kwana biyar bayan ban ruwa, ya sa na tura hannu ƙarƙashin bambaron, na ji ƙasar da sanyi da danshi har da tana a ciki, alhali taku biyu daga wurin, inda babu rufi, ta tsattsage kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Nan take na tuna yadda ake banka wa bambaron shinkafa wuta a gonakinmu bayan girbi don a share wuri da sauri, raina ya sosu ƙwarai.

Abu na biyu da na tsaya na koya sosai shi ne haɗa taki. Mu ma muna da takin gargajiya, kuma manoman kewayen Kano sun daɗe da shahara wajen kai shi gona a mangala bisa jakuna, amma mukan zube shi tsibi-tsibi tun da rani, rana ta gasa shi wata da watanni, wani kaso na ƙarfinsa ya bi iska, irin ciyawar da ke cikinsa kuma ya tsiro da ruwan farko. Su kuwa ginin takin suke yi kamar mai jera tubali: shimfiɗar busasshen kara, sai ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, sai kashin awaki, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tsibin ya kai ƙirjin mutum, sannan a rufe shi a inuwa. Danshin da ake so shi ne ka damƙa ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Bayan kwana uku ko huɗu mai gonar yakan soka rodi a tsakiya, in ya zaro sai ka kasa riƙe shi da hannu, domin zafin cikin yakan kai digiri 60, kuma wannan zafin ne yake kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Sau uku na juya tsibi ɗaya da cebur kafin in tafi, na ga yadda warin kashi ya koma ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Game da salla ban sha wata wahala ba. Saboda zafi, aiki yakan fara da sassafe ya ƙare kafin rana ta take, agogonsu kuma yana gaba da rana, ta yadda azahar takan shiga bayan ƙarfe 2, magariba kuwa sai wajen 9 da rabi na dare. Akwai Musulmi mazauna Orgiva, a Granada kuma akwai babban masallacin unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, wanda yake fuskantar fadar Alhamra. Abinci ne wurin da za ka buɗe ido, domin naman alade ya shiga girkin yankin sosai, amma gidan da na sauka ba sa cin nama kwata-kwata, sai wake da ƙwai da cukun awaki da abin da lambu ya bayar.

Abu Safiyya ya amsa:

Malam Manomin Birni ya dace da mutumin kirki, Allah ya ƙara dacewa, amma ya kamata ɗalibinmu ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya sayi tikiti. Zan fara da batun takardu, domin shi ne wanda kuskure a cikinsa zai iya taɓa karatunka. Izinin zaman da Hangari ta ba ka yana ba ka damar shiga sauran ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, a matsayin baƙo har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma bai ba ka izinin aiki a cikinsu ba, kuma hukumomin wasu ƙasashe suna ɗaukar aikin da aka yi a madadin ci da kwana a matsayin aiki ko da ba a biya ko sisi ba. Amurka haka take kallon abin ga mai bizar ziyara. Ingila ba ta cikin Shengen, kuma abin da ta yarda wa mai bizar ziyara shi ne aikin sa-kai na kwana 30 tare da ƙungiyar agaji mai rajista, alhali yawancin gonaki ba ƙungiyoyin agaji ba ne. Shawarata ita ce ka rubuta wa ƙungiyar WWOOF ta ƙasar da kake son zuwa, ka faɗi irin fasfo da izinin da kake riƙe da su, ka kuma tambayi ofishin da ke kula da ɗaliban waje a jami'arku, ka ajiye amsoshin a rubuce. Ga 'yan'uwa da ke gida masu karanta wannan kuma, ƙungiyar ba ta samar wa kowa biza, don haka duk wanda ya nemi kuɗinku da sunan zai kai ku aikin gona Turai ta wannan hanya, ku guje shi.

Abin da ya same ni kuwa a wata gona ce a kudancin Italiya. A rubuce an ce sa'a biyar, amma da na isa sai na tarar lokacin tsinkar kayan lambu ne na kai wa kasuwa, muna fita da asuba ba ma dawowa sai la'asar sakaliya, kwanan kuma a wata tsohuwar motar kwana ce da babu ruwa a kusa. Idan na tambayi dalilin da ya sa ake yin abu kaza, sai a ce babu lokaci. A kwana na shida na yi musu sallama cikin mutunci na tafi, kuma abin da ya ba ni ikon tafiya shi ne kuɗin mota da na masauki na kwana biyu da na ɓoye tun farko. Laifina shi ne ban karanta abin da waɗanda suka riga ni sauka suka rubuta ba, ban kuma nemi mu yi magana ta bidiyo ba. Ka tambayi mai gona sa'o'in aiki da ranakun hutu, ka tambayi nisan wurin da tashar mota, ka nemi hoton ɗakin, sannan ka tabbata inshorar lafiyarka tana aiki a can, allurar tetanus ɗinka kuma ba ta tsufa ba.

Maman Iman ta amsa:

Ƙanena, ni a Turkiyya na yi nawa lokacin da nake karatu a can, ta hanyar shirin TaTuTa na ƙungiyar Buğday, wanda shi ne yake tsaye a madadin WWOOF a ƙasar. Na sauka wurin wata dattijuwa da ɗanta a wani ƙauye na yankin tekun Ejiyan, inda kiran salla yake tashe ni, batun abinci kuma bai taɓa zama abin damuwa ba. Sai dai kai za ka buƙaci biza dabam, tun da Turkiyya ba ta cikin Shengen. In kuwa Turai ka zaɓa, ka rubuta tun a wasiƙar farko cewa ba ka cin alade da kitsensa, ba ka shan giya ko abin da aka dafa da ita, kana kuma buƙatar 'yan mintoci na salla. Wanda zai ƙi ka saboda wannan gara ya ƙi ka tun kana ɗakinka. Ka kuma duba abin da gonar take samarwa, domin wasu inabin giya suke nomawa, wasu aladu suke kiwo.

Tun da mahaifinka manomin tumatir ne, ga abin da nake so ka lura da shi duk inda ka je: yadda suke adana amfanin gona. A watan Agusta dattijuwar nan takan sa mu markaɗa tumatir mu tace, a zuba gishiri, a baza a manyan farantai a kan rufin ɗaki, a lulluɓe da siririn mayafi saboda ƙura da ƙuda, ana juyawa safe da yamma har ya yi kauri ya koma ja mai duhu, sannan a ɗura a kwalba a zuba man zaitun a sama. Da shi suke miya har shekara ta zagayo. Na sha tuna kwandunan tumatir da ke ruɓewa a bakin titin Zariya lokacin da kasuwa ta faɗi, da wanda ake shanyawa a ƙasa yana kwasar yashi. Ga 'yan'uwa mata masu sha'awa kuma, ku zaɓi gidan da akwai mace a ciki, ku tabbata ɗakin yana da makulli, wani naku kuma ya san inda kuke.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Ɗana, na yi shekaru ina yawo ƙauyuka a kan babur ina aikin malamin gona kafin in yi ritaya, kuma na ji daɗin tambayarka. Ka je, ban hana ka ba, amma kada ka dawo ka ce wa mahaifinka ya ajiye buhun yuriya a shekara ɗaya. Ƙasar da ta saba da takin zamani takan ja baya kafin ta farfaɗo, shi ya sa dokar Tarayyar Turai kanta ta sa sai gona ta yi shekara 2 a kan sabon tsarin idan amfanin shekara-shekara ne, ko shekara 3 idan itatuwa ne, kafin a sayar da amfaninta da tambarin marar sinadari. Manomin can yana jure wannan ne domin akwai tallafi, akwai kuma mai sayen da zai biya ƙari saboda tambarin. A kasuwar Dawanau kuwa babu mai ƙara wa mahaifinka ko naira a kan buhun shinkafa don bai sa taki ba, kuma iyali da wannan buhun suke ci. Abin da za ka yi shi ne ka roƙe shi fangali biyu ko uku a gefe, ka gwada takin da ka koya da rufin bambaro, ka rubuta abin da ka zuba da abin da ka girba na shekara uku, sannan ku zauna ku duba tare.

Inda nake ganin ilimin zai yi mana amfani da gaggawa shi ne wajen maganin feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma wannan waken da aka ƙi a can shi muke dafa wa 'ya'yanmu a nan. Don haka ka lura da yadda suke sauya shuka daga fili zuwa fili, da yadda suke ajiyar hatsi ba tare da guba ba, ka kuma sani cewa man darbejiyar da za ka gani a kwalba suna feshi da shi, bishiyarsa ce a ƙofar gidanku.

Idan Allah ya dawo da kai, kada ka tsaya a abin da ka gani a Turai. A Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin akwai cibiyar Songhai da Fada Godfrey Nzamujo, ɗan Nijeriya, ya kafa a 1985, inda kashin kaji da na dabbobi yake zama iskar girki da taki, ragowar gona ta koma abincin kifi da dabbobi, ba a zubar da komai, kuma fasfonka na ECOWAS ya isa ka shiga ƙasar. A yankin Tawa ta Nijar kuma ka je ka ga tassa, ramukan da ake haƙawa a fako da rani a zuba taki ɗan kaɗan a ciki, gara ta huda ƙasar, ruwan sama ya taru ya shige, gero ya fito a inda a da ko ciyawa ba ta fita. A Maraɗi da Damagaram za ka ga yadda manoma suke barin gawo ya tsiro a tsakiyar gona, bishiyar da take zubar da ganyenta da damina ta bar wa shuka rana da taki. Waɗannan yankuna na Nijar ƙasar nomansu ta yi kama da tamu, ruwan sama kuma lokaci ɗaya yake sauka mana.

Ɗan Kura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Malamin Gona, na karanta wa mahaifina maganarka ta waya, ya ce fangali uku na kusa da bakin magudana nawa ne duk ranar da na dawo, maganar gayya kuma ta shige shi fiye da duk bayanin da na yi masa a baya. Na bi shawarar Malam Abu Safiyya na rubuta wa ofishin ɗaliban waje da ƙungiyar Sifaniya, ina jiran amsarsu kafin in biya komai. Na kuma ware gonaki uku a Alpujarra, zan rubuta musu kamar yadda Anti Maman Iman ta ce, da batun abinci da salla a sakin layi na farko. Yaya Manomin Birni, saura tambaya ɗaya: mako nawa ya kamata in nema, kuma me zan riƙe?

Manomin Birni ya amsa:

Ka nemi mako biyu da farko, da sharaɗin ƙarawa idan kun fahimci juna, amma ka sa a ranka mako shida a gona ɗaya, domin ƙasa da haka ba za ka ga tsibin taki daga gininsa zuwa juyi na uku ba. Ka riƙe takalmi mai rufe ƙafa, da malafa, da safar hannu, da fitilar goshi, da riga mai ɗan kauri saboda sanyin asuba a kan tsauni, da littafin da zai shiga aljihu. Ka koyi sunayen kayan aiki da ƙidaya da Sifaniyanci kafin ka tafi, domin tsofaffin maƙwabta da suka fi kowa sanin magudanan ba sa jin Turanci. Ka kuma tafi da ɗan yaji da kuka, ka yi musu tuwo ranar hutu. A wasiƙarka ka tambayi kowane mai gona ko yana da rabo a asekiya da ranar da ruwansa yake zuwa, domin wasu da famfo da tiyo suke ban ruwa, kai kuwa wanda yake da rabon ruwa kake nema.